Ranar da Muka Yi Daɓe da Usur

Abubuwa da yawa sun zube mini daga kai yanzu, har sunayen jikokina sai na jero uku kafin in dace da na wanda nake kira. Amma ban taɓa mantawa da ranar da muka durƙusa mu goma sha biyu muna daɓe a falon Baturen gona a Wurno, wani dogon Bature yana tsaye bakin taga yana busa mana usur ba. Ku da kuke zuwa kuna tambayata yadda muka yi sana'ar nan kafin siminti ya kore mu, ga labarin da na fi jin kunyarsa. Gara in rubuta shi da hannuna kada wata ta riga ni ta ƙara masa gishiri.

Bari in fara bayyana aikin, don da yawanku a kan tayil kuka yi rarrafe. Magina maza su ne ke ta da bango da tubali, su jera azara, su rufe soro. In sun gama sai su kwashe kayansu su fita, ƙasan ɗaki na mata ne. Ana kawo marmara, wato jar tsakuwa, a baje ta, a yayyafa ruwa ta kwana tana sha. Kashegari mata su jeru a durƙushe, kowace da madaɓinta, itace ne mai faɗin baki da ɗan mariƙi, a yi ta duka ana ja da baya har ƙasa ta kwanta. Daga nan a kawo ruwan makuba, wanda ake jiƙawa daga ɓawon ɗorawa, a yayyafa a sake duka, sau uku ko huɗu, har daɓe ya yi duhu yana sheƙi, in kin zuba ruwa ya gangara bai shiga ba. Duk wannan da waƙa ake yi, ɗaya ta bayar saura su amsa.

Uwar daɓe a lokacin ita ce Inna Ige, mahaifiyar maigidana. Daga Wurno har Rabah har ƙauyukan Goronyo, in za a yi ɗakin amarya ko turakar wani mai hali, jaki ake aiko mata. Shekara arba'in tana aikin ba a taɓa nuna ɗakin da ta daɓe ya tsage ba, kuma ba ta bari a manta, don takan faɗa da bakinta sau uku a wuni. Ni kuwa makarantar 'yan mata ta kwana na yi har na kai sakandare, sannan aka kawo ni gidan. Inna ta dubi hannuna ta ce hannun da ya iya riƙon fensir ba ya gaza madaɓi, ta sa mini suna Malama don tsokana, ta sa ni cikin jerin. Dukan na koya. Waƙar ce ban taɓa amsawa ba, baki kawai nake motsawa ina istigfari a zuci, saboda waƙar Inna ba ta bar kowa ba. Mai gidan da ya tsuke furar ma'aikata, mijin da ke munshari, liman mai dogon karatu ranar kasuwa, duk suna ciki.

Shekara biyu ko uku kafin Turawa su tafi, bayan an gama kaka, aka ce En'e, wato hukumar gargajiya, za ta gina wa Baturen gona gida kusa da fadama, inda zai riƙa duba shinkafa. Wanda ya zana gidan wani Bature ne daban, daga Ikko ya zo. An ce ya yi manyan gine-gine a can da wasu ƙasashe, sunansa yana cikin littattafai. Ni dai abin da na gani shi ne Di'o, Baturen mulki, da kansa ya tuƙo shi, ya kuma zagayo ya buɗe masa ƙofar mota. Ya ce ba ya son kwano ba ya son siminti, gidan ƙasa yake so irin namu, don zai rubuta littafi a kai. Magina suka ji daɗi, har da maigidana da ke aiki ƙarƙashin Sarkin Magina. Daɗin bai kai mako ba. Mutumin yana da agogo rataye a wuya da zare, kuma ba abin da bai auna ba. Ya auna tubali, ya auna minti nawa mai jifa ke yi kafin tubali ya kai hannun na kan bango, ya auna har alwalar Sarkin Magina. Suka sa masa Mai Agogo. Dogo ne ƙwarai, kullum cikin gajeren wando da doguwar safa, gwiwoyinsa biyu a waje rana ta gasa su sun yi jawur.

Da aka zo kan daɓe sai aka rasa tafinta. Akawun En'e namiji ne, Inna kuwa ta ce ba namijin da zai shiga tsakiyar matan mutane suna durƙushe. Aka nemi izinin maigidana ya yarda, aka shirya cewa in Bature yana da magana ya tsaya waje bakin taga, ni in tashi da lulluɓina in ji in isar.

Ranar farko ɗan ƙaramin ɗakin ajiya muka yi. Aiki ya yi nisa, ƙasa ta fara kamawa, sai Inna ta ɗaga kai ta hango shi ta taga yana duban agogo. Nan take ta sauya waƙa zuwa mai sauri, ta bayar:

Mai Agogo, zalɓen bakin gulbi,
Yadi ya ƙare ko tela ya gudu?

Mata suka amsa, a kai mashi ciko, a rufe gwiwa. Tumba, wata matar masunci mai ƙiba da ke durƙushe kusa da ni, tana amshi tana hawaye don dariya. Madaɓai suka yi ta sauka kamar ruwan Agusta. Muna gamawa ya yafuto ni.

Ya ce da Turanci, "Me suke cewa? Na ga suna dubana."

Na sunkuyar da kai. Yaya zan ce wa baƙon Di'o uwar mijina ta kira shi zalɓe? Na ce, "Ranka ya daɗe, wasa ne irin na mata."

"Yana cikin aikin ne, ko ana iya yi ba shi?"

Na ce, "Ba ya cikin aikin."

Allah ya sani ban ɗauke shi ƙarya ba a lokacin. Haka na yi imani, kuma can cikin raina na ji daɗin a ce an yi daɓe ɗaya ba a ci naman kowa ba. Shi ma ya ji daɗi. Ya ce daman ya lura dukan namu ba shi da tsari, wani lokaci a hankali wani lokaci da sauri, kuma gini ba ya son haka. Gobe a babban falo shi zai ba mu bugu daidai wa daida da usur.

Na koma na ce, "Inna, ya ce gobe ba a waƙa."

"Mi waƙa ta yi mashi?"

"Ya ce usur za shi busa muna."

Tumba ta ce, "Usur? Mu 'yan sarƙan gidan yari na?"

Inna ta goge madaɓinta da gefen zane. Can ta ce, "Gidanshi na. In ya ce a daɓe da ludayi sai mu daɓe. Amma ki hwaɗa mashi ni ban san ƙasa tana jin usur ba." Ban faɗa masa ba, ita ma ban faɗa mata daga ina maganar ta taso ba.

Kashegari da hantsi muka jeru. Falon ya fi ɗakin amarya huɗu girma. Mai Agogo ya tsaya bakin taga, agogo a hannun hagu, usur a baki, ya fara: fir, fir, fir. Kowane fir madaɓi ɗaya. Ba a yi busa talatin ba sai ga 'yan doka biyu a guje da kulake, sun ɗauka an kama ɓarawo. Ya kore su da hannu bai cire usur ba. Suna juyawa karnukan unguwar masunta suka iso, suka zauna bayansa a jere suna taya shi. Shi kuma numfashi ya fara yi masa wuya, fuskarsa ta koma launin gwiwoyinsa, usur ya riƙa fitar da wata 'yar ƙara kamar ɗan tsako. Tumba ta danne dariya har ta kasa, ta faɗi zaune a kan ɗanyar ƙasa, ta bar shaidar da ba sai na faɗi ta mece ce ba. Sai da muka ƙaro marmara kwando guda aka cike wurin.

Abin dariya ke nan, amma aikin yana ɓaci ƙarƙashin gwiwoyinmu. Da safe ƙasa tana da ruwa, lallashi take so, usur kuwa sauri yake ba mu, sai ta riƙa manne wa madaɓi tana tasowa. Da rana ta yi tsaka, ƙasa ta fara shanye ruwa, daidai lokacin da ake son a hau ta da gaggawa, sai ya yi wata doguwar busa ya ce hutu, awa guda.

Inna ta ce, "Malama, hwaɗa mashi ƙasagga ba ta jira."

Wannan kam na isar. Ya ce a'a, shi ba ya zaluntar ma'aikata, ko'ina ya yi aiki ƙarfe goma sha biyu ana hutawa. Har ya sa aka kawo mana fura. Muka zauna gindin bagaruwa muna sha, Inna tana kallon ƙofar falo kamar an bar jaririnta a rana. Da muka koma sama ya bushe ciki ɗanye. Makuba ta kwanta a kai ta ƙi shiga.

Kwana uku daɓe ya tsage, tsaga irin ta fadama da rani. Mai Agogo ya zagaya ciki, a wani wuri dugadugin takalminsa ya nutse. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce cikin ladabi in gaya wa tsohuwa ya gode, zai aika Sakkwato a kawo siminti, mota za ta iso nan da mako guda. Ya ce a littafinsa zai rubuta cewa daɓe yana yi a ƙaramin ɗaki amma ba ya ɗaukar babba.

Littafi bai dami Inna ba, ba karanta shi za ta yi ba. Kasuwa ce ta dame ta. Kafin la'asar masu nono sun kai labari ko'ina cewa hannun Ige ya mutu. Wata mata a Marnona da ta sa mana rana don ɗakin ɗiyarta ta aiko cewa an ɗaga, ba ta faɗi zuwa yaushe ba. Inna ta soke madaɓinta a cikin azarar ɗakinta, ta daina shan fura, ta daina yi wa kowa faɗa. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba mu tsoro. Gidan ya yi tsit, har kaji suna shiga ɗakinta su fito ba wanda ya ce musu kanzil.

Kwana biyu ina sallah ina kuka. Rana ta uku bayan la'asar na same ta zaune kan tabarma tana tsintar shinkafar da an riga an tsince. Na durƙusa nesa kaɗan, na faɗa mata duka, tun daga zalɓe. Ta bar tsinta ta dube ni.

"Malama, ke kina tsammani don daɗin murya nika waƙa? Muryagga tawa ko jaki ba ya so."

Ta dafa gwiwarta.

"Gwiwata ka jin ƙasa. In tana da ruwa in ba da mai sanyi, in ta fara kamawa in ba da ta tsaka, in ta nemi bushewa in ba da mai gudu. Mata goma sha biyu, in bi su ɗai-ɗai in ce ke rage ke ƙara? Kahin in kai ta ƙarshe ƙasa ta tahi. Shekara uku kina cikin jeri ba ki lura ba?"

Na ce, "To zagin fa, Inna?"

"Wa ka iya durƙuso tun hantsi hal la'asar ba a ba shi abin dariya ba? Ke dai da kika istigfari, ba ke ka fara gajiya ba kullum?"

Gaskiya ce, ni ce. Ta tura mini faifan shinkafar ta ce, "Ke kinka hwaɗa mashi, ke za ki koma ki warware."

Da safe maigidana ya raka ni. Muka iske Mai Agogo yana auna inuwar baranda. Na ce masa na yi kuskure, waƙar tana cikin aikin, ita ce ma'aunin. Ya yi murmushi irin na wanda bai yarda ba. Na ce ya zo ɗakin ajiya, wanda aka yi da waƙa. Ya shiga ya yi tsalle a kai, ya saki guduma daga tsayin ƙirjinsa, ya sa aka zuba ruwa tulu guda. Ruwa ya gangara ya fita ƙofa. Ya ce ƙila don ɗakin ƙarami ne. Na ce ƙila, amma saura kwana huɗu mota ta zo, kuma simintinsa ba zai ruɓe ba in ya jira. Ya dubi agogo, ban san me agogo zai gaya masa a kan wannan ba, sannan ya ce ya ba mu dama ɗaya. Inna ta aiko da sharaɗinta ita ma: a kawo mata usur ɗin ta riƙe. Ya ciro shi daga aljihu ya miƙa wa maigidana.

Maza suka fasa tsohon daɓe suka kwashe, aka kawo sabuwar marmara. Ranar da muka sake farawa Mai Agogo ya zauna kan kujera ƙarƙashin taga da agogo da takarda, yana ƙirga dukanmu. Da la'asar ya kira ni yana rawar jiki kamar wanda ya tsinci kuɗi, ya ce ya gano sauri iri uku ne, kuma tsohuwa tana sauyawa daidai lokacin da launin ƙasa ke sauyawa. Ya ce in rubuta masa waƙoƙin uku da fassararsu, kalma da kalma. Na yi bismilla na rubuta. Da na kai ta uku ban rage ko wasali ba. Ya karanta. Ya sunkuya ya dubi gwiwoyinsa, ya daɗe yana dubansu kamar yau aka kawo masa su. Ya ce wane irin tsuntsu ne wannan. Maigidana ya nuna masa fadama, ga wani can tsaye da ƙafa ɗaya. Ya dube shi, ya ninke takarda ya ce ya gode.

Kashegari ita ce ranar makuba ta ƙarshe, wadda in ta ɓaci komai ya ɓaci. Muka yayyafa, muka yi mai sanyi, muka yi ta tsaka. Ƙasa ta fara neman bushewa, Inna ta ja numfashi ta ba da ta Mai Agogo. Mata suka ɗaga kai suka dubi taga don su samu ƙarfi. Sai ga shi tsaye cikin dogon wando fari, an goge shi da kari, har idon sawu. Amshi ya fito a sanyaye. Wa za ta ce a kai wa mutum ciko alhali ga ciko ya samu? Tumba ta ce, "Ashe tela ya dawo," ba wadda ta yi dariya. Madaɓai suka fara sauka daban-daban, kuma ina gani da idona makuba tana yin fari-fari a gefen bango.

Inna ta ce, "Malama, tashi ki hwaɗa mashi shina ɓata muna aiki karo na biyu. Kuma ki hwaɗi yadda nic ce."

Na tashi na faɗi yadda ta ce. Na ƙara da cewa waƙar ba ta tafiya sai da gwiwa, kuma ba lokacin tsara wata. Ya dubi wandonsa, ya leƙa ya dubi daɓen. Ya ce ƙasar minti nawa za ta jira. Na tambayi Inna, ta ce gwargwadon a shanye ludayi uku na fura. Barikin da ya sauka yana can bayan gari. Sai mutumin nan da Di'o ke buɗe wa ƙofar mota ya sunkuya, ya nannaɗe farin wandon har saman gwiwa, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya jawo turmin da muke jiƙa makuba a ciki ya kife, ya hau kai don a gan shi sosai ta taga.

Ban taɓa jin amshi irin na ranar ba. Inna ta bayar, falo ya ɗauka, madaɓai goma sha biyu suka zama ɗaya. Shi kuwa yana tsaye kan turmi, hannu ɗaya riƙe da wando kada ya zame, ɗaya riƙe da agogo, yana gyaɗa kai daidai da bugu. Ni ma ranar na fara buɗe baki na amsa, kuma ban gaji ba.

Mota ta zo da siminti aka yi bakin rijiya da shi. Daɓe ya bushe baƙi wuluk ba tsaga ko ta gashi. Kafin mako ya zagayo jakin Marnona yana ƙofar gidanmu. Inna ta sha fura kwarya guda, ta bi kaji da tsintsiya, ta yi mini faɗan gishiri ya yi yawa a miya, gida ya dawo daidai. Usur bai koma hannun mai shi ba, da shi ta riƙa korar tsuntsaye a gonar shinkafa har ta rasu, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Littafin ban taɓa ganinsa ba, ban san ko zalɓe ya shiga ba.

Na gaji madaɓinta na yi shekara talatin ina ba da waƙa, sai dai na cire liman daga ciki. Abin da na koya a falon nan, kuma nake so ku riƙe ko wace sana'a kuke yi, shi ne kada ki ce wa baƙo wani abu ba ya cikin aiki don kawai ke ba ki san amfaninsa ba, ko don kina jin kunyarsa. Ki tambayi wadda ta daɗe a durƙushe. Na kuma koyi cewa gwani na gaske, namu ko baƙo, aikin ya fi masa girmansa. Bara na sa jikana ya kai ni wurin a kan babur. Soro ya rufta, bango ya zube ya koma tudu, awaki suna kwance a ciki. Na share ƙasa da tafin hannu na ƙwanƙwasa. Daɓen yana nan.